Lamba Tara a Bakin Layi

Siddiƙu mutumin Lahodu ne, amma a Wurno aka fi saninsa. Mutanen Lahodu ruwan sama suke jira. Idan damina ta wuce aka ɗaure gero aka kai rumbu, samari sai su gangara fadama neman ƙwadago, musamman tun da aka tare gulbi a Goronyo noman rani ya kankama, masu lambu suka shiga neman hannuwa. Shi ma haka yake yi. Da safe yana cikin fangalin albasar wani, yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya yana toshewa. Da la'asar kuwa yana filin makarantar sakandare sanye da riga mai lamba tara, kuma a nan babu mai ba shi umarni sai mutum ɗaya. Shekarunsa ashirin da biyar. Yana da mata, Ladidi, da 'ya ɗaya da ake kira Uwa.

Mutum ɗayan nan shi ne Malam Ma'azu, malamin lissafi a makarantar, wanda yake horar da ƙungiyar garin ba tare da kowa ya naɗa shi ba. Ɗan gidan malamai ne, kakansa alƙali, mahaifinsa limami, kuma 'yan'uwansa ba su taɓa gane me ya kai shi bin ƙwallo ba. Shi kansa bai iya bugawa ba. Abin da ya iya shi ne kallo. Yakan tsaya a bakin fili hannu a baya, bai cika bin ƙwallon da ido ba, sai ya riƙa duban inda mutane suke tsaye da inda babu kowa.

A shekarun nan dillalan albasa da tafarnuwa sun sa kofi, ana bugawa kowane rani tsakanin ƙungiyoyin Wurno da Rabah da Goronyo. Sau biyu a jere 'yan Wurno suna kaiwa wasan ƙarshe, sau biyu 'yan Gandi ta ƙasar Rabah suna ɗauke kofin a gaban idonsu da ci ɗaya mai ban haushi. 'Yan Gandi ba su iya yanka ba, ba su iya fasin ba, kuma ba su damu ba. Da an busa usur sai mutum tara su koma gaban ragarsu su jeru layi biyu, biyar a baya huɗu a gabansu, su bar wani siririn saurayi mai gudun tsiya shi kaɗai a tsakiyar fili. Ka yi ta bugu kana samun ƙafa da ƙirji. Idan ka fusata ka kwaso kowa da kowa kuka taho, sai su doka ƙwallo ɗaya sama ta wuce kanku, siririn nan ya bi ta. Shi ke nan. Kyaftin ɗinsu Sodangi, mahauci ne a kasuwar Gandi, ƙato mai faɗin kafaɗa, shi yake tsakiyar layin baya yana yi musu tsawa.

A shekara ta uku ma su biyun suka sake fitowa wasan ƙarshe. Siddiƙu ya ci ƙwallo goma sha ɗaya a wasa shida, har yara a Wurno sun fara rubuta tara da gawayi a bayan rigunansu.

Ana saura kwana goma sha biyu wasan, 'yan wasa suka iso fili suka iske Malam Ma'azu da buhun toka. Ya ja layi huɗu daga wannan raga zuwa waccan, ya raba filin gida biyar a tsawonsa.

"Malam, albasa za mu shuka?" in ji Halliru, ɗan tsakiya, ɗan wani tela a bakin kasuwa, shekarunsa sha tara. Aka kwashe da dariya.

"Ku zamna," in ji Malam Ma'azu. Da suka zauna ya ce, "Shekara biyu muna bugun katanga da kai. Ba ƙarhi sunka hi mu ba, mu na ka taimakonsu. Dut wanda yas samu ƙwallo sai shi nuhi tsakiya, ku taru mutum shida wuri guda. Su kuwa abin da suka so ke nan. Mutum tara na iya tsare ƙohwa guda. Ba su iya tsare biyar."

Ya yi musu bayani dalla-dalla. Idan suna kai hari, kowane gida cikin biyar ɗin nan ya zama da mutum ɗaya a gaba. Wanda ya ga ɗan'uwansa ya shigo nasa, ya fita ya koma na wancan. 'Yan gefe su manna dugadugansu a layi, ko da ƙwallo ta yi minti biyar ba ta leƙo su ba. Mutum uku su tsaya baya saboda siririn nan, kada su ƙetare tsakiya ko gobara ta tashi. Kuma babu mai bugawa daga nesa. A kai ƙwallo dama, 'yan Gandi su bi ta; a maido ta hagu da sauri, su sake bin ta. Ya ce babu ɗan Adam ɗin da zai yi minti tamanin yana gudu gefe-gefe bai makara ko sau ɗaya ba.

Sannan ya juyo wajen Siddiƙu.

"Bara na lura da abu guda. Sodangi bai yarda da kowa bisa kanka ba. In ka motsa, shi da kainai ka bin ka. Sau biyu yab bi ka har tutar kwana, yab bar gidanai buɗe, ba mu da kowa da za ya shiga. To bana za mu samu. Za ka hwara tsakiya, in ƙwallo ta taho hagu ka hita da gudu zuwa bakin layi, lamba sha ɗaya shi ja baya shi ba ka wuri. Sodangi za ya biyo ka. Halliru shi taso daga baya shi shiga inda yab bari."

"To ni yaushe za ni buga, Malam?"

"Ba ka bugawa. Aikinka ka ɗauke Sodangi."

Siddiƙu ya yi murmushi ya ce ya ji. A lokacin bai ga wani abu a ciki ba. Shi ma kofin yake so, kuma ya gaji da yadda 'yan Gandi suke yi masa ba'a ranar kasuwa. Kwana uku suna gwadawa da 'yan benci a matsayin 'yan Gandi, kuma abin yana ci. Duk wanda ya taka gidan da ba nasa ba, Malam ya busa usur a sake daga farko.

A rana ta huɗu saƙo ya iso. Alhaji Yari, mutumin da yake zaɓo wa wata babbar ƙungiya a Sakkwato 'yan wasa, zai zo kallon wasan ƙarshe. Wanda ya kawo saƙon bai ɓoye ba: labarin lamba tara na Wurno Alhaji ya ji, kuma mutum ɗaya zai ɗauka.

Da aka tashi atisaye Siddiƙu ya tsaya har kowa ya watse. Malam yana ɗaure bakin buhun toka.

"Malam, ina son magana."

"Na san ta. Hwaɗi."

"Mutumen ga don ni za ya taho. In yaz zo yag gan ni bakin layi ina gudu ba ƙwallo, mi za ya ce? Shekarata ashirin da biyar. In wagga ta wuce ni, ba wata."

Malam Ma'azu ya zauna a kan buhun.

"In nim maishe ka tsakiya, Sodangi da mutum biyu za su rufe ka kamar bara. Bara sau nawa kab buga?"

"Takwas."

"Nawa sunka shiga?"

Malam bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Alhaji Yari ya yi shekara ashirin cikin harkar ga. Wanda yas san ƙwallo za ya ga abin da kaka yi. In ma bai gani ba, ni za ni gaya mai da bakina. Na yi maka alkawali."

"In bai ji ba hwa?"

"Za ya ji."

Ranar Juma'a Siddiƙu ya hau keke ya koma Lahodu. Da safiyar Asabar yana gyaran danga, Ladidi tana tankaɗe a gefe, ya ba ta labarin duka, har ya zana mata gidajen biyar a ƙasa da tsinke. Ta duba zanen, ta ci gaba da tankaɗenta.

"Baban Uwa, ni ban san ƙwallo ba. Amma in mutum yaz zo sayen rago, wanda yag gani shika saye, ba wanda anka ba shi labari ba."

"Malam ya yi alkawali."

"Malam na da aikinai na makaranta, ko an ci ko ba a ci ba. Kai mi gare ka?"

Ya goge zanen da ƙafa. Duk da haka ya riga ya yanke shawara. Malam ne ya fara ba shi takalmin ƙwallo, shi ne ya tsaya masa lokacin da wasu suka ce ba za a ba baƙon Lahodu lamba tara ba. Ba zai kunyata shi a gaban jama'a ba.

A filin Goronyo aka yi wasan, ranar Lahadi bayan la'asar. Mutane sun zo daga Kagara da Rabah da ƙauyukan bakin dam, wasu a kan jakuna, wasu a bayan motocin albasa. An kafa rumfa ɗaya ta manya. Alhaji Yari yana layin gaba cikin farar shadda, da ɗan littafi a cinyarsa.

Aka busa usur, 'yan Gandi suka koma gida kamar yadda suka saba. 'Yan Wurno suka bazu. Ƙwallo ta tafi dama, ta dawo ta baya, ta tafi hagu. Siddiƙu ya fita da gudu zuwa bakin layi, Sodangi ya biyo shi yana huci a ƙeyarsa. Amma wani daga layin gaba na Gandi ya faɗo ya cike gurbin kafin Halliru ya iso. Aka maido ƙwallo baya, aka sake. Haka aka yi ta yi. Siddiƙu ya yi gudun nan ya fi sau goma sha biyar kafin hutu, ya taɓa ƙwallo sau huɗu, duka ya maida ta baya.

'Yan kallo suka fara gajiya. Wani daga ɓangaren Wurno ya ɗaga murya: "Siddiƙu, tsoron mahauci kaka yi? Raga na nan, ba can ba!" Aka yi dariya har cikin rumfa. Sau biyu 'yan Gandi suka doka ƙwallonsu ta sama, sau biyu siririn nan ya iske mutum uku suna jiransa. Wannan kam babu wanda ya tafa masa.

Da aka tafi hutu babu ci, Siddiƙu ya zauna a ƙasa yana zuba ruwa a ka. Ya saci kallon rumfa. Alhaji Yari yana hira da na kusa da shi, littafin a rufe.

"Malam, ka bar ni tsakiya minti goma. Goma ɗai."

"Diba lamba shidansu," in ji Malam Ma'azu a hankali. "Shi ka cike ma Sodangi gurbi. Ka ga yadda yad dahe gwiwa? Sau biyu na ƙarshe da ƙyar yak kai. Ka ƙara haƙuri."

Aka koma. Minti kamar goma da farawa ƙwallo ta iske Siddiƙu a kusurwar yadi sha takwas, Sodangi ya zame kaɗan. Ya ga raga. Ba duka ba, wani ɗan tsagi tsakanin mutum biyu, irin wanda ya sha ci ta cikinsa a wasannin baya. Ƙafarsa ta dama har ta ɗaga. Sai ya taka ƙwallon, ya juya, ya miƙa wa lamba sha ɗaya. Ihun da ya biyo baya na mutanen garinsu ne.

Ana saura minti sha bakwai abin ya faru. Ƙwallo tana dama, lamba bakwai ya riƙe ta a bakin layi har 'yan Gandi uku suka matso. Ya maida ta baya, na baya ya miƙa wa na kusa da shi, shi kuma ya aika ta hagu da bugu ɗaya. Duk layin Gandi ya juya yana gudu. Siddiƙu ya yi kamar zai shiga raga, ya karya ya fita bakin layi yana ɗaga hannu yana kiran ƙwallo da ƙarfi. Sodangi ya biyo shi, ɗan bayan da yake gefen ma ya biyo shi. Lamba shida ya taso zai cike, ƙafafunsa suka ƙi. Lamba sha ɗaya bai ko dubi Siddiƙu ba, ya zura ƙwallon ta ƙasa cikin wurin da Sodangi ya bari. Halliru ya fito daga baya babu kowa a jikinsa. Ya tare, ya ɗaga kai, ya ajiye ta a kusurwa.

Fili ya rikice. 'Yan kallo suka keto layi, aka danne Halliru a ƙasa. Siddiƙu yana can bakin layin hagu, taku talatin daga wurin, dafe da gwiwoyi.

Yanzu dole 'yan Gandi su fito, kuma suka fito. Bayansu ya buɗe, fili fetal, irin wanda Siddiƙu ya shekara biyu yana mafarkin samu a kansu. Ana saura minti biyar aka jefa masa ƙwallo gaba, shi da gola sai ɗan baya ɗaya da ya ba wa tazara. Ya tashi da gudu. Taku shida ya yi jijiyar cinyarsa ta ɗaure. Ya ja ƙafa, ya sake yunƙurawa, ɗan bayan ya wuce shi kamar yana tsaye ya kwashe ƙwallon. Ya faɗi zaune. A daidai gaban rumfa ne.

Aka tashi ɗaya da nema. Aka ɗaga Halliru a kafaɗa aka zaga fili da shi, kofin a hannunsa.

Siddiƙu yana zaune yana murza cinya sai inuwa ta rufe shi. Sodangi ne, rigarsa a hannu.

"Kai kac ci mu," in ji shi. "Ba yaron can ba. Na sani tun rabin hwarko cewa ja na kaka yi. Amma in nib bar ka, ka ci ni da kanka. Mi za ni yi?" Ya tofar da yawu, ya miƙa masa hannu ya ɗaga shi, ya wuce wajen mutanensa.

Malam Ma'azu bai manta alkawari ba. Ya kama hannun Siddiƙu ya kutsa da shi cikin jama'a har wajen motar Alhaji Yari. Suka iske Halliru ya riga su, yana tsaye da kai a sunkuye, Alhaji yana rubuta sunan mahaifinsa.

"Alhaji, ranka shi daɗe," in ji Malam. "Ga Siddiƙu, wanda kaz zo gani. Ina so ka san abin da yay yi yau ni nis sa shi. Ƙwallon da anka ci, shi yab buɗe ta. Shi yaɗ ɗauke mutum biyu."

"Na gani, Malam. Ni ba makaho ba ne." Alhaji ya rufe littafinsa. "Tsari mai kyau. Na daɗe ban ga ƙungiyar ƙauye ta yi haka ba."

"To, Alhaji…"

"To mi? In na koma za su tambaye ni, ɗan gaban da kak kawo, nawa yac ci? In ce bai buga raga ko sau guda ba, amma ya iya gudu bakin layi? Wanda yas samu hili shi da gola, ƙahwa ta ɗaure mai? Kuma shekara ashirin da biyar." Ya dubi Siddiƙu, ba da wulaƙanci ba. "Samari, Allah shi ba da sa'a gaba. Can wurinmu ba mai ja maka layi da toka. Kowa kansa shika hiddawa."

"Ya ci sha ɗaya kahin yau," in ji Malam.

"Ban gan su ba. Ta yau nig gani."

Ya shiga mota. Malam Ma'azu ya tsaya da hannun Siddiƙu a nasa har motar ta fita daga fili. Siddiƙu ya zare hannunsa a hankali.

A hanyar komawa Wurno ana ta waƙa a bayan babbar mota, ana buga jikinta. Siddiƙu ya yi tafi tare da kowa. Da suka isa bai tsaya zagayen gari da kofin ba, ya ɗauki kekensa ya nufi Lahodu. Ladidi ta dubi fuskarsa, ta kawo masa ruwa. Ba ta ce ai na faɗa maka ba, kuma da ta faɗa da ya fi masa sauƙi.

Bayan mako ɗaya Halliru ya zo har lambun da yake aiki yin sallama. Ya tsaya a kan kunyar fangali, ya kasa haɗa ido da shi.

"Yaya Siddiƙu, walle ban nema ba. Na gaya ma Alhaji kai na…"

"Rabonka na. Allah shi tsare hanya."

"In na samu wuri za ni yi maganarka."

"Ka matsa, kana taka min albasa."

Halliru ya tafi. Labarin da yake zuwa daga Sakkwato shi ne yawanci yana benci, wani lokaci a sa shi minti goma. Wannan bai dami samarin Wurno ba. Abin da suka gani shi ne an ba shi takalmi da riga mai sunansa, kuma yana kwana a birni.

Da rani ya zagayo Malam Ma'azu ya sake kawo buhun tokarsa. Babu wanda ya yi dariya, babu wanda ya yi musu. A atisaye kowa yana tsayawa gidansa. Amma da an shiga wasan gaske sai lamba bakwai ya riƙa lallaɓowa tsakiya, lamba sha ɗaya ya daina ja da baya, har cikin mutum ukun nan na baya akwai mai tahowa idan an sami kwana. Kowa ya ga abin da aka yi wa wanda ya tsaya inda aka ajiye shi. Da ƙyar da ƙarfin Siddiƙu suka kai wasan kusa da na ƙarshe, suka sake haɗuwa da Gandi, wannan karon a filin Rabah. An yi ta raɗe-raɗin cewa Alhaji Yari zai zo, ko ya aiko wani.

Ranar Siddiƙu bai fita bakin layi ko sau ɗaya ba. Ya dasa kansa a tsakiya, ƙirji da ƙirji da Sodangi. Duk ƙwallon da ta zo masa ya juya ya buga. Ta bugi ƙafa, ta bugi baya, ɗaya ta bugi sandar sama mutane suka kama kai. Sauran ma kowa yana bugun tasa. Malam yana bakin fili yana ihu, "Ku buɗe! Ku buɗe hili!" har muryarsa ta dishe, babu wanda ya waiwayo. Ana saura minti takwas suka sami kwana, mutum tara suka shiga. Sodangi ya sa kai ya fitar, wani ya doka ta sama, siririn nan ya bi ta. Mutum ɗaya ya iske a baya, ya wuce shi ya zura ta a raga.

Babu wanda ya zo daga Sakkwato. Kujerar da aka ajiye a rumfa wani dillalin tafarnuwa ne ya zauna a kai.

A gindin motar da za ta maida su, Malam Ma'azu ya iske Siddiƙu yana kwance igiyar takalmi.

"Ka san abin da kunka yi yau," in ji shi da dasasshiyar murya.

"Na sani, Malam."

"Da ka hita ko sau biyar, da sauran sun bi ka. Kai suka kallo."

"Shi na dalili. Ni sunka kalla bara." Siddiƙu ya cire takalmin ya buga shi a tayar mota ƙasa ta zube. "Tsarinka gaskiya na, Malam, ban taɓa cewa ƙarya na ba. Bara na yi naka, bana na yi nawa. Dukansu keke guda nih hau zuwa Lahodu."

Malam ya juya. Ya zagaya ya shiga gaba kusa da direba.

A ƙarshen zangon nan ya bar horar da ƙungiyar, ya ce aikin makaranta ya yi masa yawa. Siddiƙu ya ƙara buga rani ɗaya, cinyar tana tashi tana kwanciya, sannan ya bari. Daga baya ya sami aikin kula da injin ban ruwa a lambun wani mutumin Wurno, aikin da ba ya yankewa sai damina. Hanyarsa ta zuwa fadama ta gaban makarantar take bi. Idan ya haɗu da Malam Ma'azu da safe yakan sauka daga keke ya gaishe shi yadda ya kamata, ya tambayi iyali, Malam ya tambayi Uwa da mahaifiyarta. Daga nan sai Siddiƙu ya ce rana tana yi, ya hau kekensa.